Tseren Keken Tsauni Ga Matasa: Wane Nisa Ya Dace, Kuma Sau Nawa A Shekara?

Takardar rajista na hannunku, yaro na tsaye a kanku yana jiran ku sa hannu. A takardar akwai tsere kala-kala: na minti ashirin da 'yan kai, na awa guda, na kilomita 60, ga kuma na gangarowa daga kan dutse. Shekarunsa 14 ko 15, ya fi sa'o'insa ƙarfi, kuma idonsa na kan wanda ya fi kowanne tsawo. Bayan haka ma so yake a kai shi gasa kowane ƙarshen mako. Ku kuma kun rasa ta cewa, domin ba ku son kashe masa gwiwa, ba ku kuma son ku tura shi inda jikinsa bai kai ba. Iyaye da masu horarwa da yawa sun tsaya a wannan mararraba, shi ya sa na ga ya dace a baje zaɓuɓɓukan a faifai, a auna kowanne da ma'auni ɗaya.

Da me za a auna?

Abu na farko da nake roƙo shi ne a daina lissafi da kilomita. A tseren keken tsauni kilomita tana yaudara ƙwarai. Kilomita 15 a busasshiyar hanya mai laushi, yaro mai ƙarfi zai iya cinye ta cikin minti 45. Wannan kilomita 15 ɗin dai, idan akwai hawa mai tsini, da saiwoyin itace, da duwatsu, aka kuma kwana ana ruwa, sai ta ci masa awa ɗaya da rabi, ya fito hannuwa na karkarwa. Jiki lokaci ya sani da wahala, bai san lambar da aka buga a takarda ba. Hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ita ma da lokaci take tsara babban tseren zagaye: 'yan shekara 17 da 18 awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata, 'yan ƙasa da 23 awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, manya kuwa awa ɗaya da minti 20 zuwa awa ɗaya da minti 40. Alƙalan gasa ne ke duba hanyar su yanke yawan zagayen da zai cika wannan lokaci. Ku riƙe wannan da kyau: ɗan shekara 18 da ya fi kowa a duniya, ranar gasar zakarun duniya, abin da ake nema a gare shi bai wuce awa ɗaya da kwata ba.

Na biyu shi ne inda jikin yaron yake a girma, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Akwai shekarar da tsawo ke zuwa da gudu, galibi wajen shekara 11 zuwa 12 ga mata, 13 zuwa 14 ga maza, ko da yake wani kan riga, wani kan makara da shekara biyu. A wannan lokaci yaro na iya ƙara santimita 8 zuwa 10 cikin shekara guda. Ƙashi kan riga tsoka da jijiya tsawo, sai jiki ya ɗaure, gwiwa ta fara ciwo a ƙasan ƙoƙonta, irin ciwon nan da likitoci ke kira Osgood-Schlatter. Bakin ƙasusuwa inda suke tsiro bai gama ƙwari ba, don haka faɗuwar da babba zai tashi ya kakkaɓe jiki, ga yaro tana iya taɓa wurin tsiron. Har iya sarrafa keken kan ɗan ja baya na wasu watanni, domin ƙafafu da hannuwan da ya saba da su sun canza tsawo. Yara biyu 'yan shekara 14 za su tsaya a layi ɗaya, ɗaya ya fara gemu, ɗaya muryarsa ko fashewa ba ta yi ba. Shekarun takarda ɗaya ne, amma nauyin da za su iya ɗauka ya sha bamban. Dabara mai sauƙi ita ce a riƙa auna tsawonsa a jikin ƙyaure sau ɗaya a wata, a ja layi da fensir, a rubuta kwanan wata. Duk lokacin da kuka ga layukan sun fara nisa da juna, a rage tsere, a kuma duba tsayin sirdi, domin sirdin da ya dace wata uku da suka wuce yanzu ya yi masa ƙasa.

Sauran ma'aunan ba sa buƙatar dogon bayani: sauƙin shiga ga wanda bai ƙware ba, haɗarin rauni, kuɗin keke da kayan kariya da tafiye-tafiye, sai ɗorewa. Abin da nake nufi da ɗorewa biyu ne, kwanakin da jiki ke ɗauka kafin ya dawo daidai, da kuma ko wannan tsarin zai bar yaron da sha'awar keke nan da shekara uku.

Gajeren tsere

Wannan shi ne wanda UCI ke kira XCC. Ana zagaya 'yar gajeriyar hanya da ba ta wuce kilomita 2 ba, kuma a gasar cin kofin duniya, inda aka shigar da shi a 2018, manya kan gama cikin minti 20 zuwa 25. Na yara kan gaza haka. Gudu ne tun daga tashi har ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa, ba wurin hutawa. Yaro zai koyi tashi da sauri, da shiga kwana cikin cunkoso, da wuce abokin hamayya ba tare da ya ture shi ba. Hanyar ba ta cika wuya ba, iyaye na ganin kusan dukkanta daga inda suke tsaye, kuma idan an faɗi taimako na kusa. Haɗarinsa yana wurin tashi da kwanar farko, inda kekuna kan sarƙe. Keke mai sifirin gaba kawai, wato abin da ke shanye gargada a tayar gaba, ya wadatar, da hular kwano mai kyau da safar hannu. Kwana ɗaya ko biyu jiki ya dawo. Aibinsa ɗaya ne a ganina: wanda aka bari a baya a minti biyun farko yakan ƙarasa shi kaɗai, kuma yaro mai saurin karaya yana iya ɗaukar hakan a matsayin hukunci a kansa.

Tseren zagaye

Shi ne uwa ma ba da mama a wannan wasa, wanda ake kira XCO, kuma shi ne ake yi a gasar Olamfik tun 1996 a Atlanta. Zagaye ɗaya na manya kan kai kilomita 4 zuwa 6, da hawa, da gangara, da duwatsu, wani wurin har da tsalle. Kyansa ga matasa shi ne ana iya yanka shi daidai wuyan kowa: a rage yawan zagaye, a kuma buɗe hanya ta biyu mai sauƙi a gefen wurare masu wuya, wadda ta fi tsawo kaɗan amma ba ta da haɗari. Yaron da bai shirya wa tsallen ba sai ya bi ta can, ya yi asarar daƙiƙa biyar, ya tsira da haƙoransa.

Ga lokacin da nake ganin ya dace, kuma wannan shawarata ce, dokar kowace ƙasa na iya ɗan bambanta. 'Yan shekara 13 da 14, minti 25 zuwa 40. 'Yan 15 da 16, minti 40 zuwa awa ɗaya. 'Yan 17 da 18, awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata kamar yadda UCI ta tsara. Amma a lura da wani tarko: lokacin da masu shirya gasa ke faɗa na wanda ya zo na ɗaya ne. Idan zakara ya gama cikin minti 40, na baya yana iya kaiwa 55 ko fiye, kuma na bayan nan shi ne wanda ya fi ƙarancin ƙarfi. Wato wanda ya fi rauni shi ya fi daɗewa a kan hanya. Don haka in ɗanku sabon shiga ne, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lokacin da aka rubuta, sannan ku tambayi kanku ko zai iya.

Na taɓa tsayawa a gefen wata gangara mai duwatsu ina kallon 'yan ƙasa da shekara 15. Wani yaro dogo siriri ya wuce a zagayen farko kamar ruwa, gwiwoyi a sake, ido na kallon gaba, yatsa ɗaya a kan birki. A zagaye na biyu ma haka. Da ya dawo na uku sai na ga wani mutum daban: ya zauna daram a kan sirdi inda ya kamata ya miƙe, kansa a sunkuye yana kallon tayar gaba, yatsu huɗu sun damƙe birki. Tayar ta daki dutsen da ya kauce wa har sau biyu a baya, ya tafi ta kan kan keken. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi a gwiwar hannu. Hanyar ba ta canza ba, gajiya ce ta cinye ƙwarewar. Tun ranar nake cewa iyakar nisan da ya dace da yaro ita ce inda zai iya sauka gangarar ƙarshe da irin natsuwar da ya sauka ta farko.

Ta fuskar kuɗi tseren zagaye matsakaici ne. Keke mai sifirin gaba da birki mai kyau zai kai yaro har ƙarshen shekarun makaranta, illa dai girma zai sa a canza shi, shi ya sa sayen keke mai tsadar gaske wa ɗan shekara 13 bai cika zama dabara ba. Taya, sarƙa da takalmin birki su ne ke cin kuɗi a kai a kai. Jiki kan nemi kwana biyu zuwa huɗu kafin a koma atisaye mai nauyi.

Dogon zango

A nan ne zuciyar yara da yawa take, kuma a nan ne nake taka birki. Tseren maraton na keken tsauni, XCM, a dokar UCI yana farawa daga kilomita 60 har zuwa 160, kuma sai wanda ya kai shekara 19 ake bari ya shiga. Sunayen da ke burge matasa duk a wannan gida suke: Cape Epic na Afirka ta Kudu, kwana takwas ana tafiya bibbiyu, da Leadville na jihar Kolorado a Amurka, mil 100 a tsaunukan da suka haura mita 3,000. Waɗannan na manya ne. Matsalar ita ce ƙananan gasanni da yawa, waɗanda ba sa ƙarƙashin wannan doka, kan karɓi yaro muddin uba ko uwa sun sa hannu.

Yaro mai ƙarfi zai iya gama kilomita 60, wannan ba abin musu ba ne. Tambayar ita ce me zai biya. Makamashin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta yakan kai kusan minti 90 na aiki tuƙuru, bayan nan sai an riƙa ci ana sha a kan keke da tsari. Matasa kuwa ba su cika tunawa da ci ba idan gasa ta yi zafi, sai ƙarfi ya yanke musu farat ɗaya, kai ya yi nauyi, hankali ya rabu, alhali suna can cikin daji nesa da kowa, wataƙila da sauran gangara biyu a gaba. Ga zama awa uku ko huɗu a kan sirdi da gwiwar da ke cikin girma. Bayan an gama kuma jiki na iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu kafin ya dawo, wato an sayar da atisayen rabin wata don rana ɗaya. Sannan abin da ya fi damuna: dogon zango yana koya wa yaro tafiya da matsakaicin gudu, alhali shekarun nan su ne lokacin da ya fi dacewa a gina sauri da ƙwarewar hannu. Juriya tana jira, mutum na ƙara ta har ya haura shekara 30. 

Idan ya nace, akwai tsaka-tsaki. Yawancin irin waɗannan gasanni na da ƙaramin zango na kilomita 20 zuwa 35. Ɗan shekara 15 ko 16 da ya saba tafiyar awa biyu a atisaye zai iya shiga irin wannan sau ɗaya ko biyu a shekara, a matsayin yawon buɗe ido da ɗan gudu, tare da babban da zai bi shi. Ɗan 17 ko 18 zai iya kaiwa awa biyu da rabi. Fiye da haka a bari sai ya cika 19.

Enduro da gangara

Waɗannan biyun ƙarya suke yi wa mai lissafin lokaci. Tseren gangara minti 2 zuwa 5 ne kacal, mutum ɗaya ke sauka a lokaci guda, agogo ne alƙali. Wanda ya ga minti uku zai ce ai wannan ya fi kowanne sauƙi, alhali shi ya fi kowanne haɗari, domin gudun ya fi yawa, tsallen ya fi tsawo, kuma kafin ranar gasa an sha sauka hanyar sau da yawa ana gwaji. Karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, karayar wuyan hannu da buguwar kai su ne raunukan da aka fi sani a keken tsauni, kuma a nan suka fi kusa. Dole ne hular kwano mai rufe haɓa, ga kariyar baya, gwiwa da gwiwar hannu. Keken kansa na musamman ne, mai sifirin gaba da baya da ke lotsawa wajen milimita 200, ba ya hawa dutse sai an ɗauke shi a mota ko a kujerar da igiya ke ja zuwa saman dutse, kuma gyaransa na da tsada. Shi ya fi kowanne cin aljihu.

Enduro kuwa gangara ce da yawa a yini ɗaya. Ana ɗaukar lokaci ne a saukowa kawai, hawan da ke tsakani ba a lissafa shi, amma da ƙafarka za ka tuƙa keken ka hau. Jimlar lokacin gasa na iya zama minti 15 ko 20, amma yaro ya shafe awa uku ko huɗu a waje. Don haka tambayar da za ku yi wa masu shiryawa ita ce awa nawa za a yi gaba ɗaya, kuma mita nawa za a hau. Ga 'yan ƙasa da 15, gangara biyu ko uku a cikin awa biyu sun isa. Ina son enduro saboda yara na hawa tare suna hira, babu cunkoson tashi, kuma yana gina ƙwarewa sosai. Sharaɗinsa shi ne yaron ya riga ya iya birki, kwana da sauka kafin a sa masa agogo, domin agogo kan sa mutum ya gwada abin da bai taɓa gwadawa ba.

| Nau'in tsere | Lokaci ga matashi | Kuɗi | Sauƙin shiga | Haɗari | Dawowar jiki |
|---|---|---|---|---|---|
| Gajeren tsere | minti 10 zuwa 25 | kaɗan | mai sauƙi | kaɗan, sai a wurin tashi | kwana 1 zuwa 2 |
| Tseren zagaye | minti 25 zuwa 75, gwargwadon shekaru | matsakaici | matsakaici | matsakaici | kwana 2 zuwa 4 |
| Ƙaramin dogon zango | awa 1 da rabi zuwa 2 da rabi | matsakaici | sai an saba | gajiya, ƙishirwa, nisa da taimako | mako 1 ko fiye |
| Enduro | awa 2 zuwa 4 a waje | mai yawa | sai mai ƙwarewa | mai yawa | kwana 3 zuwa 5 |
| Gangara | minti 2 zuwa 5, ban da gwaji | mafi yawa | mai wuya | mafi yawa | ya danganta da faɗuwa |

Sau nawa?

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin kuskuren nisa da kuskuren yawa, na fi tsoron na yawa. Tsere ɗaya da ya yi tsawo, yaro zai sha wuya ya warke. Tsere kowane mako wata biyar a jere kuwa a hankali yake cin mutum, ba a ankara sai an ga yaron da ke kwana da keke a ɗaki ya daina ko kallonsa. Dalilin a fili yake. Ranar gasa ba awa ɗaya ba ce: akwai tafiya, da kwanan baƙon wuri, da tashin asuba, da fargaba, da aikin makarantar da aka ture gefe. Mako mai gasa kuma kusan babu atisaye na gaske a cikinsa, kwana biyu ana hutawa kafin, kwana uku ana farfaɗowa bayan. Wanda ke gasa kowane mako yana gwada abin da yake da shi ne kullum, ba ya samun lokacin ƙara wani abu a kai.

Akwai 'yan ƙa'idoji da likitocin wasanni suka daɗe suna maimaitawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako, da kuma wata biyu zuwa uku a shekara da yaro zai ajiye wasan da ya fi mayar da hankali a kai ya yi wani abu daban. Ana kuma yawan amfani da wani ma'auni mai sauƙi: awannin atisaye da gasa a mako kada su wuce adadin shekarun yaron, kuma wannan rufi ne, ba wai sai an kai can ba. Barcin matashi awa 8 zuwa 10 ne. Duk jadawalin gasar da ya hana waɗannan ukun cika, ya yi yawa. Ƙungiyar NICA, wadda aka kafa a 2009 don tseren keken tsauni na 'yan makaranta a Amurka, kakar gasarta ba ta cika wuce tsere huɗu zuwa shida ba, da makonni a tsakani, kuma ta tara dubban yara a kan wannan tsari.

| Tsari | Amfani | Illa | Wa ya dace da shi |
|---|---|---|---|
| Kowane mako | saurin sabo da gasa | gajiya, kashe kuɗi, babu lokacin koyo | 'yan 17 da 18, na mako 2 ko 3 kawai, sannan hutu |
| Bayan mako 2 ko 3 | ana atisaye, ana hutawa, ana gyara kuskure | sai an haƙura da wasu gasanni | yawancin 'yan 15 zuwa 18 |
| Sau ɗaya a wata | sauƙi ga jiki, aljihu da karatu | fargaba kan taru a kan kowace gasa | 'yan 13 da 14, sababbin shiga, masu cikin saurin girma |

In an koma lissafin shekara, abin da nake ba da shawara shi ne tsere 5 zuwa 8 ga 'yan 13 da 14, 8 zuwa 12 ga 'yan 15 da 16, sannan 12 zuwa 16 ga 'yan 17 da 18 da suka ɗauki abin da gaske. A cikin waɗannan ma biyu ko uku ne kawai za a ɗauka da muhimmanci, sauran a shiga don koyo, a ce masa yau tashi za ka gyara, ko yau ka kula da shan ruwa. Gajeren tsere na yamma a tsakiyar mako ana iya lissafa shi rabin gasa. Enduro da gangara kuwa a lissafa su ɗaya da rabi, saboda kwanakin gwaji.

Masu jin tsoron kada a bar ɗansu a baya su dubi waɗanda suka kai ƙololuwa. Nino Schurter na Siwizalan ya zama zakaran duniya na matasa a 2004, amma zinaren Olamfik sai a 2016 ya zo masa a Riyo, yana da shekara 30. Tom Pidcock na Birtaniya, wanda ya ci zinare a Tokiyo da Faris, a shekarun ƙuruciyarsa yana tseren titi, yana tseren laka na hunturu, bai tsaya a abu ɗaya ba. Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa a 2015 ta riƙe kambun duniya uku lokaci guda, na titi, na laka da na tsauni. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma da yake keke wasa ne da ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, watannin hutun nan a cika su da gudu, tsalle-tsalle ko ƙwallo, domin a shekarun samartaka ne ake tara yawancin ƙarfin ƙashi.

Ko da jadawali ya yi kyau a takarda, jikin yaron ne ke da maganar ƙarshe. Idan barci ya lalace, ko cin abinci ya ragu, ko mura ta ƙi ƙarewa, ko gwiwa na ciwo fiye da mako biyu, ko saurin fushi ya ƙaru, ko sakamakon makaranta ya faɗi, a soke gasa ta gaba. Ga 'ya mace, ɗaukewar al'ada na wata uku alama ce babba cewa abin da take ci bai kai abin da take ƙonawa ba, kuma wannan maganar likita ce ba ta koci ba. Buguwar kai kuwa babu ciniki a kanta: in ya faɗi ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ya kasa tuna yadda abin ya faru, ya sauka daga keke a ranar, kada ya koma sai likita ya sallame shi, a kuma canza hular ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Wanne ga wa?

Sabon shiga, ko shekarunsa nawa, ya fara da gajeren tsere ko tseren zagaye mafi gajarta, sau ɗaya a wata, da keken da yake da shi. Burin shekarar farko shi ne ya gama yana murmushi, ya kuma iya gyara faci da kansa.

Ɗan shekara 13 ko 14 da layukan jikin ƙyaure ke nuna yana cikin saurin girma ya tsaya a ƙasa da minti 40, a rage gasa ko da ya kasance yana cin kofi bara. Watannin nan a ba su ga ƙwarewa a fili mai laushi, da miƙa jiki, da gyaran sirdi.

Ɗan 15 ko 16 mai ƙarfi, wanda ke ƙorafin tseren ya yi masa gajarta, amsar ba ƙarin kilomita ba ce. A kai shi inda hamayya ta fi zafi, ko hanya ta fi wuya, a bar lokacin a awa ɗaya. In yana marmarin dogon zango, a ba shi ƙaramin zango ɗaya a ƙarshen kakar gasa.

Wanda hawa ke gundurarsa, gangara ce ke faranta masa, enduro ya fi masa tseren gangara zalla a farko, domin keke ɗaya zai yi masa atisaye da gasa, kuma ƙafarsa za ta ci gaba da aiki. Gangara zalla sai in akwai koci, da cikakkun kayan kariya, da aljihun da zai ɗauka, kuma gasa huɗu zuwa shida a shekara sun ishe shi.

Ɗan 17 ko 18 da ke neman shiga tawagar ƙasa ya gina shekararsa a kan tseren zagaye na awa ɗaya zuwa ɗaya da kwata, ya haɗa da gajeren tsere don sauri, ya zaɓi manyan gasanni biyu ko uku, a zauna da koci tun farkon shekara a cire duk wadda ta faɗo cikin makonnin jarrabawa.

Iyalin da kuɗi ko nisa suka yi wa yawa kuwa su zaɓi gasa uku ko huɗu mafi kusa, abin da ya rage a sa shi a hular kwano mai inganci, da tayoyi masu kyau, da takalmin birkin da ake canzawa kafin ya cinye.